Abin da Ja Ke Yi a Ƙarƙashin Ruwa

Sana'ata rinin kaba. Ina saƙa tabarma da faifai, amma rinin shi ne nawa. Baƙi daga bagaruwa da laka, ja daga karan dafi. A garinmu, tsakanin Tanut da Belbeji, ni kaɗai na rage ina shuka shi, layi biyu a gefen gonar hatsi. Sauran mata sun koma galurar kasuwa. Ban hana su ba. Tabarmarsu tana koɗewa kafin damina biyu, tawa kuwa sai kabar ta mutu janta yana nan.

Ga yadda ake yi. A ɓare ɓawon karan, a shanya, a daka, a jiƙa da ruwan kanwa ya kwana. Da safe ya yi kauri, ya yi duhu kamar hanta. Kaba tana cikin kwatarniya a kan wuta, ruwa ya rufe ta. Sai a ɗebo ludayi guda a zuba, a motsa nan take. In aka yi jinkiri, wata kabar ta sha ta ƙoshi, wata ta fito dabbare-dabbare kamar akuya.

Tun ina yarinya nake satar kallo. In jan ya faɗa ruwa ba ya watsewa a sama kamar galura. Yana da nauyi. Yakan tsaya ya dunƙule, ya saki wasu zare-zare, sa'an nan ya nutse. Abin da yake yi can ƙasa ban taɓa gani ba. Kwatarniya baƙa ce, ga kaba, ga tururi. Uwata, Allah ya jiƙanta, takan bar ni in ja numfashi uku. A na huɗu muciya ta sauka a bayan hannuna. Har yau ɗan yatsan nan bai miƙe ba. Ta daɗe a ƙasa, amma ban taɓa kai numfashi na huɗu ban motsa ba.

Idona na hagu ƙayar aduwa ta kashe shi, shekarar da hatsi ya ƙi muka rayu da ƴaƴan anza, itacen dajin nan mai ɗaci. A shekarar na binne yara biyu. Ba zancensu zan yi ba. Idon dama kuma daga baya ya fara rufewa ta gefe. An kai ni Damagaram, lokotoro, likitan ido, ya haska, ya ce ba irin yanar da ake kankarewa ba ce. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce zai rage mata sauri. Na tambaye shi damina nawa ta rage mini. Ya ce Allah ne masani. Na ce wannan na sani tun daga gida.

Da ranin da ya biyo baya mai hoto ya zo. Mutumin Damagaram ne, magidanci, furfura ta fara masa a gemu. Wasu masu proje, ƴan aikin agaji, suka kawo shi ya ɗauki hoton rijiyoyi, suka sauke shi gidan mai gari, suka ce za su biyo su ɗauke shi ran kwana biyar. Ya gama aikinsu a yini ɗaya. Yana yawo ya ga jan ruwan da nake zubarwa bayan danga, ya biyo shi har ƙofata.

"Salamu alaikum. Inna, wa ke da jan ruwan nan?"

"Ni ce. Ya ɓata maka takalmi?"

Ya yi dariya, ya tsuguna, ya fiddo salula. Ya ce rijiya aikin ci ne, abin da yake so shi ne wannan. Na kawo ta bakin idona. Shuɗi ne cikin farin ruwa, kamar hadarin gabas amma a kife, yana saukowa. Ya goga yatsa, wani ya fito, rawaya, a murɗe kamar hanjin rago. Na ce ta ina ya tsaya ya ga wannan. Ya ce ba shi ya tsaya ba. Kyamararsa tana da akwati da ruwa ba ya shiga, cikin ruwan yake ajiye ta, ta yi ta ɗauka da kanta.

"Daga ƙasa?"

"Daga ƙasa, Inna."

"Ja fa?"

"Na yi na kanti. Irin naki ban taɓa gani ba."

Ruwa bai yi ba a daminar da ta wuce. Garin karan dafin da ya rage mini ludayi biyu zai bayar, ba ƙari. Na ajiye shi don tabarmar sallar mai gari. Na ce tabarmar ta fito baƙi da fari, Allah ba ja yake dubawa ba. Na jiƙa shi a ranar. Abu guda nake so: in ga abin nan sau ɗaya, a tsaye, ba tururi, ba muciya, kafin idon ya gama rufewa.

Danga ɗaya ta raba ni da taubashiyata. Ɗiyar kawuna ce. Tun muna yara ba ta taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba, ni ma ban faɗa mata ba. Duk abin da muke cewa da mai hoto tana ji. Ta leƙo.

"Yau na ga abu! Mai ido guda za ta yi kallon hoto. Kai ɗan birni, in kyakkyawa kake nema ga ni, rabu da tsohuwar gugar nan."

"Koma ciki, baiwata, kada ki fasa masa kyamara da fuskarki."

Mai hoto ya aro rabin tano, gangar ƙarfen nan, a gidan mai gari, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Ya ce yana son bido shida na ruwa, manyan jarkokin nan. Ya faɗe shi kamar mai cewa a miƙo masa gishiri. Rijiyarmu tana da nisa, kuma zurfinta sai da sa ake ja. Da rani makiyaya suke kewaye ta tun asuba, kowa da layinsa. Na ɗaura wa jakata bido huɗu, na je, na dawo, na koma. Ya bi ni sawun farko da kyakkyawar niyya, sawu na biyu ƙafarsa ta yi bororo ya zauna.

Da tano ya cika ya duba, ya tsuke baki. Ruwan kamar kunun kanwa, yadda yake kullum da rani.

"Inna, wannan ba zai yi ba."

"Shi muke sha."

"Na sani. Amma kyamara ba za ta ga komai ba."

"Ni mai ido guda ina ganin hannuna a ciki. Ita da aka saye da tsada?"

Ya yi ta bayani. Ban ji ba. Kwanaki ina lissafa su, kuma ban saba a raina mini ruwa ba. Na ce a yi. Ya sa kyamarar a gindin tano, idonta yana duban gefe. Iska tana kaɗawa, sai ya ba ni zane in riƙe da hannu biyu in tare ta, shi ya zuba ludayin. Jan ya faɗa, ruwan ya haɗiye shi nan take kamar an jefa tsakuwa a tafki. Da ya fiddo kyamarar ya nuna mini. Ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa, sa'an nan ƙasa-ƙasa mai ɗan duhu. Bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Taubashiyata ta faɗa a madadinsa, har sau uku.

Saura ludayi guda.

Ya ce a birni ruwan leda yake saye ya cika. Na ce a nan babu, amma akwai anza. Wanda ya ci ƴaƴanta ya san sauran amfaninta: ɓawonta yana kwantar da laka. Na saro rassa, na dandaƙa ɓawon. Muka zubar da jan ruwan a gindin itacen bedi, muka wanke ƙyallen, na sake sawu biyu zuwa rijiya. Na zuba ɓawon, na motsa da muciyata, na tsame, na rufe tano da zane. Na ce kada kowa ya taɓa, kada ma a yi tari kusa da shi.

Kwana biyu yana kwance. Da na ɗaga zanen, laka duk ta sauka ta kwanta sirit a ƙasa, ruwan ya tsaya garau. Har zaren ƙyallen gefe ana gani. Taubashiyata ta zagayo ta leƙa, ta daɗe.

"Ban taɓa ganin ruwa tsirara haka ba," in ji ta. "Har kunya yake ba ni."

Mai hoto ya ce madalla, sai dai batirinsa ya yi ƙasa. Zai kai shi gidan mai gari ya sha wutar sola, da hantsi ya dawo mu yi. Fitarsa ke nan aka yi sallama. Wani dattijon Bafillace ne da matarsa a kan jaki, tana rungume da jinjiri a cikin zane. Garkensu ya yi gaba, su ciwon yaron ya tsai da su. Leɓen matar ya tsage. Dattijon ya ce a taimaka musu da ruwa.

Randata tana nan cike da ruwan rijiya. Da na ɗebo daga ciki ba wanda zai zarge ni, irinsa suke sha. Amma tano yana tsakar gida a buɗe, rana tana wasa a cikinsa, matar kuma ta gani. A ƙasarmu ta Damargu ba a hana ruwa. Kuma ba a tsaya gaban mai kyau a miƙa wa baƙo mara kyau. Shekarar anza ni ma na tsaya a ƙofar wasu da yaro a baya. Na san yadda ake kallon hannun mai gida.

Na ɗebo ƙwarya guda a hankali, daga sama-sama. Suka sha. Matar ta ɗiga wa jinjirin. Sai ta yi wa mijin magana da Fillanci, ya sunkuyar da kai, ya ce wai ko za a cika musu salka, saboda yaron, na rijiya yana sa shi zawo. Na ce ta ɗiba. Ta sauko da ƙwaryarta, ta nutsa ta har ƙasa, yadda kowa ke ɗibar ruwa. Ina tsaye ina kallon laka tana tashi. Suka yi godiya, suka yi addu'a mai tsawo, suka tafi.

Mai hoto ya dawo, ya leƙa, ya ɗora hannu a ka.

"Inna! Ga randa can!"

"Na gan ta. Ni na ajiye ta."

"To?"

"To me?"

Ya zauna kan turmi. Can ya ce gobe da azahar mota za ta zo. Na ce na sani. Ba da shi nake fushi ba, ba kuma da matar ba. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, shi ne ya fi ci mini rai. Na kwance jaka. Ta dube ni, na dube ta. Da rana tsaka muka tafi, na samu layin makiyaya, na jira har la'asar. Gwiwata ta kumbura a hanyar dawowa. Na cika tano, na ninka ɓawon anza, na motsa, na tsame, na jingina muciyar a jikin tano, na rufe.

Kwana guda bai kai biyu ba. Da safe ruwan da ɗan hazo, amma ya duba ta gefe, ya duba ta sama, ya ce zai yi. Iska ta kwanta. Ya sa kyamarar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, muka jira ruwan ya daina rawa. Ya ce yau shi zai riƙe madubi ya karkato rana cikin tano, ni zan zuba, tunda hannuna ya san ludayin.

"Inna, ki ji da kyau. Ruwan sanyi ne, a hankali zai sauka. Kyamarar tana can ƙasa, sai ya iso gabanta. Ki zuba, ki janye hannu. Kada ki taɓa komai sai na ce."

"Na ji."

Taubashiyata tana bisa danga. "Ɗan birni, ka ɗaure mata hannu da igiyar jaka."

"Bakinki za a ɗaure, mayya."

Na yi bisimilla, na zuba. Ban taɓa ganinsa haka ba ko daga sama. Babu kaba, babu tururi, ga farin ƙyalle a bayansa. Ya tsaya ya dunƙule kamar yadda na san shi. Ya fara sakin zarensa. Na ja numfashi, na sake ja, na ja na uku.

Ban san lokacin da na ɗauki muciyar ba. Wallahi ban sani ba. Ihunsa na ji, na duba, sai ga hannuna cikin ruwa har wuyan hannu yana juyawa, dama zuwa hagu, yadda aka koya mini. Har na ƙara juyi guda bayan na gane, don hannun bai gama ba. Tano duk ya zama ja, lumui, ba dabbare ko ɗaya. Da uwata tana nan da ta yaba.

Taubashiyata ta fashe da dariya. Ta ga fuskata, ta sauka daga danga.

Mai hoto ya ajiye madubin. Ya tsamo kyamarar, ya goge, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya matso ya kawo mini ita bakin ido. Na farko farin ruwa. Na biyu farin ruwa. A na uku, can sama, wasu jajayen saiwoyi sun leƙo, huɗu ko biyar, kamar na hatsi in an tuge shi yana ƙarami. Kan kowace ya fara naɗewa, kamar za ta buɗe ta zama wani abu. A na huɗu muciya ta shigo da baƙin hannu, ja ya tarwatse kewaye da su. Daga nan ja ne kawai har ƙarshe.

"Koma na ukun," na ce. Ya koma. "Daga nan me take zama?"

"Ban sani ba, Inna. Kowane launi da tafiyarsa. Saura ko kaɗan?"

"Babu."

"A garin nan?"

"Galura."

Ya sake duban na huɗun. Ya ce in yarda ko kada in yarda, wannan ya fi duk hotunan da ya taɓa ɗauka. Ya nuna mini karkataccen yatsan, yadda ja ya naɗe shi. Na ce hannun na san shi, shekara sittin muna tare. Ba shi na yi sawu biyar zuwa rijiya don in gani ba.

Da mota ta zo, yana ɗaure jakarsa, ya ce in karan dafi ya nuna in nemi babbar kwalba mai faɗin baki, irin ta masu sayar da alewa. Ba ta isa hoto ba, amma ido zai gani ta gefe. Na tsaya ina dubansa. Kwalba. Ina wuce ta a teburin kowane mai kanti tun ina budurwa. Ban taɓa tunaninta ba, don a wurinmu rini cikin kwatarniya ake yi.

Ya ce zai dawo da kaka. Bai dawo ba, ban kuma riƙe shi ba, kowa da abin da ke gabansa. Amma ya aiko direba da hotuna biyu a takarda. Na hannun babba, na saiwoyin ƙarami. Babban na ba taubashiyata, ta kafa a ɗakinta, tana gaya wa baƙi wai hannun ɓarauniya ne aka kama. Ƙaramin na sa cikin kwallata. Kullum da hantsi nakan fiddo shi. Da farkon damina ina ƙirga saiwa biyar. Da hatsi ya yi kai, uku nake gani. Ina ɗiga maganin safe da yamma, ina zagaya karan dafi kamar zan ja shi ya girma.

Ruwa ya yi a shekarar. Na yanke karan, na ɓare, na shanya, na daka, na jiƙa. Na sa aka kawo mini kwalba daga Belbeji, na kwantar da ruwa da anza kwana uku. Da hantsi na ɗora ta kan turmi inda rana ke bugu. Muciyar na wurga ta bayan danga. Na kira taubashiyata na ba ta ludayin. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, na ce ba yau ba. Na zauna ƙasa, na danne hannuwana biyu ƙarƙashin cinya, na manna idon da kwalbar.

"Zuba."

Ta zuba. Na ja numfashi uku. Hannun dama ya motsa, na ƙara danne shi. Na ja na huɗu, na biyar, na goma. Abin da ya rage mini na gani a lokacin bai fi bakin ludayi ba, shi ma da hayaƙi. Na ga haske fari. Na ga ya yi duhu ta sama. Na ga duhun ya sauko. Shi ke nan.

"Me yake yi?"

"Yana sauka."

"Na san yana sauka. Yaya yake sauka?"

"A hankali."

"Saiwoyin, kansu ya buɗe? Me suka zama?"

"Ke, ni ina na sani? Ruwa dai ya yi ja."

Ta tsaya riƙe da ludayin. Can ta ce, ba da muryar tsiya ba, a sake, ba ta duba da kyau ba. Akwai sauran ruwa a bido. Muka zubar cikin kwatarniya, muka ɗauraye kwalbar, muka sake. Wannan karon ta tsuguna kusa da ni, kanta yana gugar nawa. Ta ƙura wa kwalbar ido.

"Kamar hayaƙi," in ji ta.

"Hayaƙi ba ya sauka."

"To kamar... kin san naman da ke cikin kunnen... a'a. Kamar laima, ƙanana, suna haihuwar wasu. Kai, ba haka ba ne. Wallahi yana da kyau, ƴar uwa. Ban san yadda zan ce ba."

Tun da aka haife mu ba ta taɓa ce mini ƴar uwa ba. Na zaro hannuwana, sun mutu, na yarfa su. Ja ludayi biyu yana cikin ruwa, kaba kuma tana jiƙe tun jiya. Na ce ta hura mini wuta, ta zagaya bayan danga ta ɗauko mini muciyata.